Shin Ko Kun San? Cajin Lantarki, Cunkoso da Gigin Tsufa

Shin ko kun san cewa gwajin jinotaif, wanda ake tura saurayi da budurwa su yi kafin ɗaurin aure, cajin lantarki yake karantawa? A hanyar da ɗakunan gwaji suka fi bi, ana ɗiga jini a kan wata takarda ta musamman mai laima, a kunna wuta, sai himogulobin, wato sinadarin da ke dakon iskar oksijin a cikin jini, ya kama hanya zuwa gefe guda. Nau'in A ne ke wucewa gaba, S na biye da shi, C na can baya. Abin da ya raba su shi ne yawan cajin da kowanne ke ɗauke da shi. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka fara nuna haka a Amurka a 1949, da jinin masu amosanin jini. Ku riƙe wannan, domin ta nan za mu bi mu shiga ƙwaƙwalwa.

Shin ko kun san cewa himogulobin ɗaya ne tak cikin dubban furotin da jikin ɗan Adam ke ƙerawa? Umarnin ƙera kimanin iri 20,000 ne ke rubuce a ƙwayoyin gadonmu. Kowane furotin sarƙa ne da aka ƙulla daga wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Sarƙar ba ta aiki a miƙe. Sai ta naɗe kanta ta ɗauki wata siffa takamaimai, sau da yawa kafin ƙiftawar ido, sannan ta zama abin amfani. Christian Anfinsen ya warware wani furotin a ɗakin gwaji, ya bar shi, sai ya ga ya koma ya naɗe daidai yadda yake a da, ba tare da taimakon kowa ba. Wannan ya kai shi ga kyautar Nobel a 1972. A 2024 kuma aka ba Demis Hassabis da John Jumper rabin kyautar saboda AlphaFold, manhajar da ta yi hasashen siffar furotin sama da miliyan 200.

Me ke sa sarƙar ta naɗe? Wasu amino asid ɗin gudun ruwa suke yi, don haka sai su cusa kansu can tsakiya. Huɗu kuma suna yawo da caji: gulutamet da asfatet negatif ne, laisin da ajinin fozitif. Caji iri ɗaya yana ture juna, mabambanta suna jan juna. Yawancin furotin ɗin da ke cikin ƙwayar halitta negatif ne ya yi musu rinjaye, shi ya sa suke ture juna, kowa yana aikinsa bai manne da maƙwabcinsa ba. Gulutamet ɗin nan dai shi ne ke ba daddawa da magi ɗanɗano, amma kada hankalin kowa ya tashi, wanda ake ci a miya ba shi da hannu a abin da za mu faɗa.

Shin ko kun san cewa duk Bafulatanar da ta kwantar da madara ta zama kindirmo, wannan ƙa'idar take amfani da ita? Furotin ɗin madara yana zaune a watse ne saboda cajinsa na negatif. Ƙwayoyin bakteriya suna mayar da sukarin madarar ya zama tsami, tsamin yana kashe cajin a hankali. Sabuwar madara tana wajen 6.7 a ma'aunin tsami. Da ta sauko 4.6, wato tsamin ya yi yawa, cajin ya ƙare, babu sauran ture-ture, sai furotin ya dunƙule.

Shin ko kun san cewa amino asid ɗaya kacal ya raba himogulobin A da S da C? A sarƙar da ke da ƙulli 146, na shida ne ya canza. A nau'in A gulutamet ne a wurin, mai caji negatif. A nau'in S an samu balin, wanda ba shi da caji kuma yana gudun ruwa. A nau'in C an samu laisin, wato cajin ya juye gaba ɗaya ya koma fozitif. Vernon Ingram ne ya gano canjin S a Kambirij ta Ingila tsakanin 1956 da 1957, shi da John Hunt suka gano na C a 1958.

Shin ko kun san cewa babu inda himogulobin C ya yi yawa a duniya kamar Burkina Faso da arewacin Ghana? A binciken da aka yi kan yara a arewacin Ghana, kusan ɗaya cikin biyar AC ne. Mutanen Bawku da ke bakin iyaka suna tsakiyar wannan yanki. Akwai dalili. A 2001 David Modiano da abokan aikinsa suka auna Mosawa 4,348 a Burkina Faso, suka ga haɗarin kamuwa da zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kashi 29 cikin ɗari ga masu AC, da kashi 93 ga masu CC. Sauro ne ya yi ta tace jininmu shekara da shekaru har wannan canji ya yaɗu.

Yanzu ga cunkoso.

Shin ko kun san cewa cikin ƙwayar halitta ba ruwa ne tsalala ba? Lissafin da Steven Zimmerman da Stefan Trach suka yi a 1991 ya nuna cewa a cikin bakteriya, kowace lita ɗaya tana ɗauke da giram 300 zuwa 400 na furotin da dangoginsa. Manyan sinadarai sun cinye kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na filin ƙwayar. Amma shekaru da dama masana suna nazarin furotin ne a cikin kwalabar gwaji mai giram ɗaya ko 'yan ƙalilan a lita. Ku ɗauki kasuwar Bawku. Ranar da ba ta ci, mai ɗauke da doguwar gora yana juyawa yadda ya ga dama. Ranar da ta cika, masu albasa da masu goro da masu kora dabbobi sun haɗu, dole ya tsayar da gorar ya tsuke jikinsa, kuma ko ya so ko bai so ba sai ya gogi wani. Haka cunkoso yake yi wa furotin. Yana matsa wa sarƙa ta naɗe ta tsuke, wannan alheri ne. Amma idan akwai wadda ke da gefe mai danƙo a waje, yana tura ta ga 'yar'uwarta, domin dunƙule ɗaya ya fi ƙarancin cin fili a kan guda goma a warwatse.

Shin ko kun san cewa amosanin jini ya taimaka ƙwarai wajen fahimtar wannan? Allen Minton na Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka ya yi lissafinsa na 1977 a kan himogulobin S, kuma daga aikinsa na 1981 maganar cunkoson sinadarai ta zama fanni mai zaman kansa. Jar ƙwayar jini tana ɗauke da kimanin giram 330 zuwa 340 na himogulobin a lita. Idan oksijin ya sauka daga himogulobin S, balin ɗin nan mai gudun ruwa yana shiga wani ɗan rami a jikin maƙwabcinsa, shi ma ya shiga na gaba, har su zama dogon zare mai tauri da ke lanƙwasa ƙwayar ta koma siffar lauje. A 1974 James Hofrichter da Philip Ross da William Eaton suka gano abin da har yau yake ba ni mamaki. Zaren ba ya fitowa nan take, akwai ɗan jinkiri, kuma jinkirin ya rataya ne a kan kaurin himogulobin ta hanya mai tsanani ƙwarai. Idan kaurin ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari kawai, jinkirin yana iya gajarcewa kusan sau 17. Idan ƙwayar ta riga ta fice daga siririyar jijiya kafin zaren ya fito, an tsira. Idan ya riga ta, jijiya ta toshe, ciwo ya tashi. Shi ya sa likita ke ta nanata wa mai sikila ya yawaita shan ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu.

A nan ne C yake shigowa. Mai AS lafiyarsa lau a yawancin rayuwarsa. Mai AC ma haka. Amma mai SC yana da cuta, har takan taɓa idanu da ƙashin kwatangwalo. Himogulobin C ba ya yin zare. Abin da yake yi shi ne ya sa ƙwayar ta zubar da sinadarin fotashiyam, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta bushe, cunkoso ya ƙaru, sai S da ke ciki ya samu hanya. Caji ya canza, cunkoso ya ƙaru, furotin ya dunƙule. A Ghana kimanin jarirai biyu cikin ɗari ake haifa da amosanin jini, kuma SC na da babban kaso a ciki. Likitan Ghana Felix Konotey-Ahulu, wanda ya shafe rayuwarsa a kan wannan cuta, ya bi sawunta a danginsa har zuwa shekarar 1670.

Akwai bambanci guda da ya kamata a faɗa. Himogulobin S ya naɗe daidai, mannewa kawai yake yi, kuma zaren yana warwarewa idan oksijin ya dawo. A ƙwaƙwalwa siffar furotin ɗin ce kanta ke lalacewa, kuma abin da ya dunƙule da wuya ya sake warwarewa.

Shin ko kun san cewa jar ƙwayar jini kwana 120 take yi a maye gurbinta, amma yawancin ƙwayoyin jijiya biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwa su ne mutum zai tsufa da su? Ba sa rabuwa biyu balle su rage dattin da ya taru a cikinsu. Abin da ya kwanta a shekara arba'in yana nan a shekara tamanin, sai dai in ƙwayar ta share shi da kanta. A 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya ba da labarin wata mata da aka kawo masa a Farankfot tana da shekara 51, ta ruɗe, tana mantuwa, tana zargin mutanen gidanta. Da ta rasu ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyi da kuma wasu zaruruwa a cukurkuɗe a cikinsu. Yau mun san duka furotin ne, na farkon amiloyid, na biyun kuma tau. James Parkinson ya riga shi, tun 1817 ya bayyana cutar karkarwa, wadda ake kira da sunansa, a Landan. A 1912 Friedrich Lewy ya ga wasu ƙullutai a ƙwaƙwalwar masu ita, amma sai a 1997 Maria Grazia Spillantini ta nuna cewa wani furotin mai suna alfa-sinukilin ne ya cika su.

Shin ko kun san cewa alfa-sinukilin ba shi da tsayayyar siffa? Ƙulli 140 gare shi, kuma idan ba a jikin fatar ƙwaya yake ba, a sake yake yawo. Abin da ke tsare shi wutsiyarsa ce, wadda ke ɗauke da amino asid masu caji negatif kimanin 15. Wutsiyar tana ture 'yan'uwansa, tana kuma lanƙwasowa ta rufe tsakiyarsa mai danƙo. A ɗakin gwaji, idan aka yanke wutsiyar, ko aka ƙara tsami, ko aka zuba wasu sinadaran ƙarfe masu caji fozitif, nan da nan sai ya fara zare. A cikin ƙullutan Lewy na marasa lafiya ana samun masu yankakkiyar wutsiya. A 2002 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Peter Lansbury a Habad da ta Vladimir Uversky da Anthony Fink a Kalifoniya, kowacce ta zuba manyan sinadarai don kwaikwayon cunkoson ƙwaya, kowacce ta ga zaren ya fito da sauri ninki-ninki. Duk da haka, a 2016 wasu masana a Balin sun leƙa cikin ƙwayoyi masu rai suka tarar da shi a sake, bai dunƙule ba. Ashe cunkoso shi kaɗai bai isa ba, sai wani abu ya fara kwance masa kariya.

Shin ko kun san cewa canjin nan da ya haifi himogulobin C, gulutamet ya koma laisin, shi ne ya bayyana a cututtukan ƙwaƙwalwa uku a wasu dangi masu nisa da mu? A yankin Basko na Sifaniya, a 2004, an samu dangi da wannan canji a ƙulli na 46 na alfa-sinukilin, suna fama da karkarwa da ruɗewa. A tsakanin Yahudawan da suka fito daga Libiya, da kuma a Sulobakiya, yana ƙulli na 200 na wani furotin mai suna firiyon, yana kawo cutar Creutzfeldt-Jakob mai kisa cikin watanni. A Italiya yana ƙulli na 22 na amiloyid, yana sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su fashe. Wannan ba ya nufin mai AC ko CC yana cikin haɗarin waɗannan cututtuka, ko kaɗan. Furotin daban ne, ƙwayar gado daban. Ƙa'idar ce ɗaya.

Ƙulli na 22 ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa. A Holan akwai dangin da gulutamet ɗinsu ya koma wani mara caji, su ma jijiyoyi ne ke fashewa. A arewacin Suwidin Lars Lannfelt ya samu dangin da nasu ya koma gilaisin, suna kamuwa da cutar Alzheimer da wuri. Da ya bincika sai ya ga amiloyid ɗinsu yana yawan yin ƙananan dunƙule masu yawo, waɗanda ba su kai ga zama babban tabo ba. Ya ce waɗannan ne masu dafin. Daga wannan tunani aka samo lecanemab, maganin da Amurka ta amince da shi a 2023. Ya rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin ɗari a watanni 18, ba ya warkarwa, yana iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma an sa masa farashin dala 26,500 a shekara. Ba maganin da zai iso garuruwanmu irin su Yendi gobe ba ne.

Shin ko kun san cewa tau da caji yake riƙe aikinsa? Tsakiyarsa fozitif ce, tana manne da wasu siraran bututu masu negatif da ke dakon kaya a cikin jijiya. Ƙwaya tana sassauta riƙon ta hanyar liƙa masa fosfet mai negatif. A lafiyayyar ƙwaƙwalwa biyu zuwa uku ne a jikin kowane tau. A cutar Alzheimer sun ninka sau uku zuwa huɗu, sai ya saki bututun ya koma yana neman 'yan'uwansa.

Shin ko kun san cewa ƙwaya tana da 'yan rakiya? Wasu furotin ne da aikinsu kawai su tsare sabuwar sarƙa har ta naɗe lafiya, ko su miƙa wadda ta lalace a niƙe ta. Na farkon da Ron Laskey ya bayyana a 1978 aikin caji yake yi, yana hana furotin masu fozitif su afka wa sinadarin gado mai negatif ba bisa tsari ba. Da shekaru suka ja, ƙarfin wannan tsaro yana raguwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa cututtukan nan suka fi zuwa da furfura.

A 2009 Clifford Brangwynne da Anthony Hyman suka gano a Jamus cewa wasu furotin suna taruwa su zama ɗigo-ɗigo a cikin ƙwaya, su yi aiki, su watse. A 2015 aka nuna cewa ɗigon wani furotin da ke da hannu a cutar shanyewar jijiyoyin motsi, irin wadda ta kama Stephen Hawking, yana iya daskarewa ya zama zare idan ya daɗe. Nan ne binciken ya fi zafi a yau.

Shin ko kun san cewa maganin ciyawar nan farakwat, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Gramoxone, caji fozitif biyu yake ɗauke da su? A 1982 wasu matasa a Kalifoniya suka yi wa kansu allurar gurɓatacciyar ƙwaya, cikin 'yan kwanaki jikinsu ya sandare da alamun cutar Parkinson. Likita William Langston ya gano gubar, sai aka lura cewa abin da take rikiɗa ta zama a ƙwaƙwalwa yana kama da farakwat ƙwarai. A ɗakin gwaji farakwat yana hanzarta dunƙulewar alfa-sinukilin. Binciken Caroline Tanner na 2011 a kan manoman Amurka ya nuna waɗanda suka yi amfani da shi sun fi kamuwa da cutar kusan sau biyu da rabi. Kamfanonin da ke yin sa da hukumar muhalli ta Amurka suna cewa ba a tabbatar shi ne sanadi ba, kuma gardamar tana nan. Tarayyar Turai dai ta haramta shi tun 2007. Ni a ganina manomin doya a Yendi ko na masara a Salaga ba sai ya jira ƙarshen gardamar ba. Ya sa safar hannu da takalmi, ya rufe hanci, kada ya yi feshi yana fuskantar iska, ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci, kuma kada a mayar da jarkar maganin ta zama ta ruwan sha.

Shin ko kun san cewa karara, wadda yara ke gudu saboda ƙaiƙayi, 'ya'yanta suna ɗauke da lebodofa, babban maganin cutar Parkinson? Kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na nauyinsu shi ne. Likitocin Italiya da na Ghana sun yi aiki a kan yadda za a soya su a niƙa don marasa ƙarfi. Wannan aikin likita ne da ma'auni, ba abin da mutum zai gwada a gida ba, domin wuce gona da iri yana kawo amai da ruɗewa. Lebodofa ba ya hana furotin dunƙulewa, yana cike gurbin sinadarin dofamin da matattun ƙwayoyi suka daina samarwa ne. Amma yana ta da wanda ya kasa tashi. Kuma Ghana ta koya wa duniya darasi a kansa. A 2014 Roberto Cilia da Albert Akpalu na asibitin Korle Bu da abokansu suka kwatanta marasa lafiya 91 na Ghana, waɗanda da yawansu sun daɗe ba su samu maganin ba, da takwarorinsu na Italiya. Sai aka ga matsalolin da ake ɗora wa daɗewa a kan maganin, daɗewar cutar ce da yawan abin da ake sha ke kawo su. Jinkirta magani ba ya kare kowa.

A 2023 binciken da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani canjin gado da ke ƙara haɗarin cutar Parkinson, mai yawa a jinin Afirka ta Yamma, wanda da wuya a same shi a Turawa. Ya shafi wani furotin da ke aiki a sashen ƙwaya mai tsami inda ake niƙa shara.

Shin ko kun san cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke da cutar mantuwa a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki suke? Ƙungiyar Alzheimer ta Duniya ta ƙiyasta miliyan 2.13 a Afirka kudu da Sahara a 2015, tana hasashen miliyan 7.62 a 2050. Mu muna ce masa gigin tsufa, mu wuce. Amma tsufa ba shi ne cutar ba. Ga tsofaffi nan da suka haura tasa'in suna lissafa kakanni bakwai ba gargada.

Ku saurari alamomin da kyau. Tsohuwa ta manta sunan jikokinta. Ta fita da tsakar dare a tsince ta a bakin rafi ko a gidan maƙwabta. Ta yi ta magana ita kaɗai. Ta ce an sace mata kuɗin da ita ta ɓoye. A irin da alfa-sinukilin ke kawowa, mutum yana ganin mutane ko dabbobi a ɗaki alhali babu kowa, kuma shekaru kafin haka yakan yi ihu da naushi da shuri a cikin barci, domin birkin da ke tsayar da jiki lokacin mafarki ya lalace. Idan aka tsare mai irin wannan ciwo da tambaya da tsawa, yana iya amsa laifin da bai san shi ba. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san sunan da ake saurin laƙaba wa mai waɗannan alamomi.

Shin ko kun san cewa a Gnani, kusa da Yendi, akwai sansanin waɗanda aka kora daga garuruwansu bisa zargin maita, kuma akwai irinsa a Gambaga da Kukuo da Kpatinga? Mafi yawan mazauna tsofaffin mata ne, da yawa mazajensu sun rasu. Ranar 23 ga Yulin 2020, a Kafaba kusa da Salaga, aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta rasu, jama'a na tsaye ana ɗauka a waya. A Yulin 2023 babbar kotun Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce. A ƙarshen watan majalisar dokokin Ghana ta amince da ƙudurin da ya mayar da zargin maita laifi, amma Shugaba Akufo-Addo bai sa masa hannu ba har ya sauka a Janairun 2025. Ba na cewa duk wadda aka zarga tana da cutar mantuwa. Rikicin gado da kishi da talauci da neman wanda za a ɗora wa mutuwar yaro, duk suna ciki, kuma mai lafiya ma bai halatta a taɓa ta ba. Amma wadda ƙwaƙwalwarta ta fara lalacewa ita ce ta fi kowa rashin bakin kare kanta. Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5 duk sun yi maganar wannan mataki na rayuwa da sani yake kuɓuce wa mutum, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi.

Shin ko kun san cewa ba kowace ruɗewa ce ba ta da magani? Ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, cutar fitsari, baƙin ciki mai tsanani, da wasu magungunan da aka haɗa barkatai, duk suna iya ruɗa tsoho, kuma ana warkar da su. Kwamitin mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda idan aka magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, taba, giya, raunin ji, raunin gani, bugun kai, kaɗaici da rashin karatu tun yarinta. Ɗan acaɓan Bawku da ke sa hular kwano, ƙwaƙwalwar tsufansa yake tsarewa.

Saboda haka, jama'ar Salaga da Yendi da Bawku, idan kakarku ta fara fita da dare ko hannun kakanku ya fara rawa, ku kai su asibitin gari a auna hawan jini da suga, ku nemi a tura su Asibitin Koyarwa na Tamale in abin ya fi ƙarfin nan. Wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta ƙasa, ku sabunta musu katinsu. Ku sa sakata a ƙofa da dare, ku sanar da maƙwabta cewa ciwo ne tun kafin wani ya sa masa wani suna. Limamai da fastoci da sarakunan zango kuma, ku faɗi wannan a kan mumbari da fada.